JIRGIN SU NA MUTUM GUDA: YADDA ZA KA ZAƁE SHI



Muna gai da masunta na bakin kogin Isa, tun daga Ayoru har Gaya. Muna gai da na tabkin Madarunfa, da na Tabalak, da na Gidimuni, da na bakin Kumadugu. Barkanku da aiki.

Hirarmu ta yau a kan jirgin su ta ke. Ba babban jirgin fito mu ke nufi ba, mai ɗaukar mutane da shanu ran kasuwa. Ƙaramin kwalekwale mu ke nufi, wanda mutum guda zai tura ruwa, shi kuma fid da shi, ba sai ya kira kowa ba.

Ɗan'uwa, sayen jirgi ba ƙaramin abu ba ne. Wani sai ya sai da raguna. Wani sai ya ci bashi wurin mai sayen kifinsa. In ka zaɓa daidai, jirgin zai ciyar da gidanka shekara da shekaru. In ka zaɓa ba daidai ba, kana iya hasarar kuɗinka, ko lafiyar bayanka, ko ma ranka.

Ga magana guda da mu ke so ka riƙe: a kan gaɓa a ke zaɓen jirgi. Cikin ruwa kowane jirgi sauƙi gare shi, don ruwa ke ɗauke da shi. A kan gaɓa kuwa, kai ke ɗauka.

1. JIRAN MUTANE HASARA NE

Masunci da asuba shi ke fita. A lokacin nan maƙwabci shina kwana, ko ya tafi gona. Yara kuma suna shirin lakwal. In jirginka sai da mutum uku shi ke motsi, za ka zauna kana jira. Kafin su zo rana ta ɗaga, kasuwar kifin safe ta watse.

Mu yi lissafi tare. A ce kwana 2 cikin sati ba ka samu mai kama maka ba. Cikin wata guda ka yi hasarar kwana 8. A ce kowace rana kana samun kifin jika 2. Kwana 8 sau jika 2, jika 16 ke nan. Wannan kuɗi ba ɓarawo ya ɗauke su ba. Nauyin jirgi ya cinye su.

Akwai kuma zancen hadari. Ka san iskar farkon damina. Daga gabas ta ke tasowa, kuma ba ta sallama. In ta taso, kowa ta kansa shi ke yi. Jirgin da ba ka iya ja sama kai kaɗai, igiyar ruwa za ta yi ta buga shi da gaɓa har shi tsage.

2. DUBI BAKIN RUWANKA TUKUNA

Kafin ka tafi wurin masassaƙi, tafi inda ka ke shiga ruwa. Tsaya ka duba. Rairayi ne, ko taɓo, ko dutse? Gaɓar a kwance ta ke, ko a tsaye?

In rairayi ne a kwance, ka yi sa'a. Jirgi shina santsi a kai. In taɓo ne, shina riƙe gindin jirgi, kuma ƙafarka tana nutsewa, ba ka da wurin dogarawa. In dutse ne, shina cin katako kullum. In gaɓa a tsaye ta ke, turawa ba wuya, amma fitarwa ita ce aiki.

Kada ka duba sau ɗaya kaɗai, don bakin ruwa ba shi zama wuri guda. Kogin Isa shina ratsa ƙasarmu kamar kilometir 550. A Yamai sau biyu shi ke cika cikin shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba. Akwai baƙin ruwa mai zowa daga Gini da Mali, wajen Disamba da Janairu. Wajen Mayu da Yuni kuwa sai ruwa shi ja baya ƙwarai. A 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. A Satumba ta 2020 kuma ya kai metir 7 a ma'aunin Yamai, ya shiga gidaje da gonakin shinkafa.

Tabki ma haka ne. Bayan damina ruwa shina bakin gari. Da bazara sai ka taka taɓo mai nisa kafin ka iske shi. Mutanen Ngigmi sun san wannan. Tabkin Cadi ya ja baya ya bar su nesa bayan farin 1973 da na 1984.

Saboda haka, tambayi kanka: a watan da ruwa ya fi nisa, zan iya kai jirgin nan ruwa ni kaɗai? In amsa a'a ce, ba jirginka ba ne.

3. NAUYI

Mai sai da jirgi zai gaya maka tsawonsa. Da wuya shi gaya maka nauyinsa. To, nauyin shi ne abin da ya fi damunka.

Ga hanyar ganewa. Aje jirgi a ƙasa mai daidai. Kama goshinsa ka ɗaga. Abin da ka ji a hannunka kamar rabin nauyin jirgin ne. Sauran rabin ƙasa ke ɗauke da shi. In jirgi kilo 100 ne, ka ɗaga kilo 50, wato buhun siminti guda. In kilo 200 ne, ka ɗaga kilo 100, wato babban buhun hatsi.

Yanzu tuna, ba sau ɗaya za ka ɗaga ba. Kullum ne, safe da marece. Da marece kuma ka gaji, ka ji yunwa, ƙafarka tana cikin santsi. In goshin jirgi ya fi ƙarfinka da safe kana da ƙarfi, yaya za ka yi da shi da marece?

Ka san abu biyu kuma. Na ɗaya, itace shina shan ruwa. Sabon jirgi busasshe ya fi sauƙi. In ya yi kwanaki cikin ruwa sai nauyinsa shi ƙaru. Don haka ka je ka ɗaga irinsa wanda ke aiki a bakin ruwa, ka ji. Na biyu, ruwan da ya taru cikin jirgi kaya ne. Litir 1 na ruwa kilo 1 ne. In ka bar ruwan jarka guda mai litir 25 cikin jirgi, ka ƙara ma kanka kilo 25 a banza.

Wanda ke kokawa da jirgin da ya fi ƙarfinsa, ciwon baya shina jiransa, ƙaba ma tana iya fito masa. Kuma shina daɗewa tsaye cikin ruwan gefe mai ciyawa. A nan ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya su ke zama. Daɗewa cikin ruwan nan tana ƙara haɗarin kamuwa. In ka ga jini cikin fitsarinka, tafi likita, akwai magani.

4. DA ME ANKA YI SHI?

Jirgin sassaƙe. Daga gungume guda a ke sassaƙa shi. Ba ƙusa, ba haɗi, don haka ba shi yawan yoyo. Amma nauyinsa daga itacen shi ke. Maɗaci shina da ƙarfi, shina daɗewa, amma nauyinsa ya ninka na rimi fiye da sau biyu. Rimi sauƙi gare shi, amma shina saurin ruɓewa. Kuma ka sani, manyan itatuwa sun yi ƙaranci a ƙasarmu. Tun dokar daji ta 1974 anka sa maɗaci da gawo da giginya cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. Kada ka ba da kuɗi a sare maka itace a ɓoye. Tara tana iya fin kuɗin jirgin.

Jirgin katako. Shi ya fi yawa yanzu. Ana haɗa katakai da ƙusa, a toshe tsakaninsu da tsumma da kwalta. Amfaninsa babba shi ne, kai za ka faɗi tsawo da faɗin da ka ke so. In katako guda ya lalace, sai a cire a sa wani. Jan katako ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Farin katako ya fi sauƙi da araha, amma ba shi daɗewa. Ga shawara: a sa jan katako a gindi, inda jirgi ke gogar ƙasa, a sa mai sauƙi a gefe. Ta haka ka rage nauyi ba ka rage ƙarko da yawa ba.

Jirgin ƙarfe. Gara ba ta cin sa, rana ba ta tsaga shi. Amma shina tsatsa, shina zafi da rana. In ya huje, sai mai walda. Abin da ya fi muni, in ya cika da ruwa shina nutsewa har ƙasa. Jirgin itace kuwa, ko ya cika, galibi shina tsayawa a saman ruwa, ka samu abin kamawa.

Jirgin roba na masana'anta. Sauƙi gare shi ƙwarai, ba shi ruɓewa. Amma shina da tsada, kuma in ya fashe ba kowane gari ke da mai gyaransa ba. Kafin ka saya, tambaya: wa zai gyara mini shi, kuma a ina?

Kada kuma mu raina gora. Tun kakanni masunta ke hawa babban gora su shiga tabki, kifi kuma cikin goran su ke zuba shi. A kai ka ke ɗaukarsa ka kai gida. In tabkinku ƙarami ne, ruwan kuma a kwance, gora shina iya riƙe ka har ka tara kuɗin jirgi na kirki. Ya fi ka ci bashi ka sayi wanda ba ka iya motsawa.

5. TSAWO DA FAƊI DA GINDI

Ga mutum guda, jirgi mai metir 4 zuwa 5 ya isa. In ba ka da ma'auni, miƙe hannuwanka biyu: gaba uku kamar metir 5 ne. Jirgin da ya wuce haka da yawa shina son ƙarin katako, ƙarin katako kuwa ƙarin nauyi ne. Iska kuma tana juya dogon jirgi in mutum guda ke tuƙi.

Faɗi shi ke hana kifewa. Siririn jirgi shina gudu, amma shina rawa. Mai faɗi shina tsayawa, amma shina son ƙarfin tuƙi. Wanne za ka ɗauka? Irin sunka zai gaya maka. In birgi ka ke jefawa, a tsaye ka ke aiki, sai mai faɗi, kamar santimetir 70 zuwa 80 a tsakiya. In mamari ka ke sawa, ko gura ka ke dubawa, a zaune ka ke aiki, wanda bai kai haka ba shina iya yi maka.

Sai gindi. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ba shi son ruwa mai zurfi. Shina kai ka har bakin gaɓa, kuma in ka aje shi a ƙasa ba shi karkata. Aibinsa, shina mannewa da taɓo. Mai kewayayyen gindi shina santsi cikin taɓo da ciyawa, amma shina mirginawa in ka tashi tsaye. Ga tabki da ruwan gefe, shimfiɗaɗɗe ya fi.

Dubi goshi kuma. Goshin da ya ɗaga sama kaɗan shina hawa gaɓa da kansa. Goshin da ya kwanta shina soke ƙasa, sai ka ɗaga shi. A sa maka ƙarfe mai zobe, ko a huda rami a goshi, wurin ɗaura igiya.

6. KADA SHI CIKA ƘANƘANTA

Ɗan'uwa, kada ka ce tun da sauƙi a ke nema, bari in sayi mafi ƙanƙanta. A'a. Jirgi babba shina cin bayanka. Jirgi ƙarami ƙwarai shina cin ranka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lissafa kayanka. A ce kai kilo 65 ne. Birgi jiƙaƙƙe da dalmarsa, a ce kilo 10. Filafili da gwangwala da ruwan sha, a ce kilo 10. Kifin ranar sa'a, a ce kilo 40. Duka kilo 125 ke nan. Da wannan kaya a ciki, bakin jirgi shi ɗara ruwa da taƙi guda, wato kamar santimetir 20. In ruwa ya kusa baki, igiya guda ta isa ta cika shi.

Jirgin tabki kuma ba na tsakiyar kogi ba ne lokacin cika. Kada ka ƙetare da shi da kaya. Kada ka ɗauki ƴan kasuwa. Jirgin mutum guda, na mutum guda ne. Inda dorina ke kiwo, kamar wajen Ayoru, yi nesa da ita, balle in tana da ɗa.

Wani zai ce, in sa inji fa? Injin doki 15 shina kai kilo 35 ko fiye, ban da mai. Shina danne bayan ƙaramin jirgi, kuma kullum sai ka ɗauke shi ka kai gida. Ga su na kusa da gari, filafili da gwangwala sun isa.

7. GWAJI KAFIN BIYA

Gani ya kori ji. Kada ka biya sai ka yi gwajin nan shida. In sabo za a ƙera maka, yi su a kan irinsa, sa'an nan ka sake yi ranar karɓa.

Na 1. Ɗaga goshi kai kaɗai. Ka iya riƙe shi ka ƙirga goma?

Na 2. Tura shi ruwa kai kaɗai. Kada mai jirgi shi sa hannu.

Na 3. Cika jarka 2 ko 3 da ruwa ka sa ciki a madadin kaya. Shiga. Auna bakin jirgi da taƙinka.

Na 4. Kusa da gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, tashi tsaye ka yi kamar kana jefa birgi.

Na 5. Zauna ciki kamar rabin awa. Dubi inda ruwa ke tsattsafowa.

Na 6. Sauke kaya, ka fid da shi kai kaɗai, ka kuma kifar da shi. Wanda ba ka iya kifarwa, ba ka iya gyara gindinsa.

In tsohon jirgi ne, ƙara da wannan. Soka bakin wuƙa a gindi da kusurwoyi. In ta shige da sauƙi, itacen ya ruɓe. Ƙwanƙwasa katako ka saurara: mai lafiya shina amsawa da ƙarfi. Dubi ƙusoshi ko sun yi tsatsa. Inda ka ga sabon fenti ko kwalta mai kauri wuri guda, tambaya me ke ƙarƙashi. Tafi da tsohon masunci, ko sarkin ruwan garinku, shi duba maka. Mai jirgin da ya hana ka gwaji, bar masa abinsa. Araha ba ta ado.

In kun shirya, a rubuta takarda: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, kuɗi, ranar wata, da shaidu biyu. Ga amfanin karatun da ka ke yi. Yanzu kai za ka karanta da kanka kafin ka sa hannu.

8. DABARA TA FI ƘARFI

Ko jirgi mai sauƙi, akwai yadda a ke bi da shi.

Kwashe ruwa tukuna, ka sauke kaya, sa'an nan ka ja.

Nemi gajerun itatuwa uku, kewayayyu, masu kaurin dantse. Jera su ƙarƙashin jirgi. Kana turawa, suna mirginawa. Wanda ya fita baya, ka mai da shi gaba. A kan taɓo kuwa itacen nutsewa shi ke yi. A nan sai ka shimfiɗa tsohon katako, ka jiƙa shi, jirgi shi bi ta kai.

In taɓo ya riƙe gindi, kada ka fizga. Girgiza jirgin hagu da dama har iska da ruwa su shiga ƙarƙashi, sai shi saki.

In ba itace, yi tafiyar ƙaguwa. Ɗaga goshi ka kai shi gefe. Koma baya ka ɗaga ka kai gefe. Kullum rabin nauyi ka ke ɗauka.

In za ka ɗaga, durƙusa da gwiwa, bayanka a miƙe. Ƙafafu su yi aikin.

Kada ka bar jirgin katako cikin rana ya daɗe a bushe. Katakai suna ƙanƙancewa, tsakaninsu shi buɗe. Aje shi a inuwa, ko ka rufe shi da zana. In za ka bar shi cikin ruwa, kafa turke mai ƙarfi, ka riƙa matsar da shi kana bin ruwa.

9. ABIN DA BA A BARI GIDA

Mai fita shi kaɗai ba shi da mai ceto kusa. Saboda haka kada ka fita sai da ƙoƙon kwashe ruwa, ɗaure da igiya. Riƙe filafili na biyu. In ka samu rigar ceto, sa ta a jiki. In ba ka samu ba, ɗaura jarka wadda ba komi ciki, a rufe gam. Jarka mai litir 20 tana riƙe kusan kilo 20 a ruwa, ta isa ta tsai da kanka sama. In jirgin itace ya kife, kada ka rabu da shi. Riƙe shi ka yi kira.

Gaya ma iyali inda za ka, da lokacin da za ka komo. In ka ga gabas ta yi baƙi, nufi gaɓa, ko kifi shina kamuwa.

Su kuma shina da doka. Tafi wurin ma'aikatan ruwa da daji ka yanki takardar izini. Su za su gaya maka irin idon tarun da anka yarda da shi, da lokacin da a ke rufe tabki don kifi shi hayayyafa.

TAMBAYOYI DON MAKARANTA

Malamai, ku karanta ma ɗalibai waɗannan, a yi muhawara, kowa shi rubuta amsa cikin littafinsa.

1. Yaya bakin ruwan garinku shi ke: rairayi, ko taɓo, ko dutse? A wane wata ruwa ya fi nisa?

2. Jirgi shina da nauyin kilo 120. In ka ɗaga goshinsa, kamar kilo nawa ka ɗauka?

3. Ruwa litir 30 ya taru cikin jirgi. Kilo nawa ya ƙaru?

4. Masunci shina rasa kwana 3 kowane sati. Kwana nawa ya rasa cikin sati 4? In kowace rana jika 2 ce, jika nawa ya yi hasara?

5. Faɗi gwaji shida da a ke yi kafin a biya.

Ɗan'uwa, jirgin da ya dace da kai shi ne wanda ka ke iya turawa da asuba, ka fitar da marece, kai kaɗai, kuma shi ɗauke ka da kayanka bakinsa bai kusa ruwa ba. In ka same shi, ka biya. In ba ka same shi ba, ƙara haƙuri ka nema.

Allah shi ba da sa'a, shi kai kowa gida lafiya. Sai wani sati, in Allah ya kai mu.